Munduwar Doguwa

A likitar Dogon Dutsi na sake jin ƙarar zugazugi, inda babu wuta, babu maƙeri. Jikanyata na raka awon ciki. Matar da ke duba masu ciki, wadda suke kira sazfam, ta kwantar da ita, ta shafa mata wani abu mai yauƙi a mara, ta ɗora wani ɗan abu mai igiya. Sai ɗakin ya cika da fuf, fuf, fuf, da sauri, ba hutawa. Ta ce zuciyar abin da ke ciki ke nan. Jikanyata ta fashe da kuka, domin ciki ya sha zube mata kafin wannan. Ni ba na kuka gaban mutane. Amma na iske hannuna ya sauka da kansa ya kama ƙafata ta hagu, bisa idon sawu, inda fata ta yi zobe mai santsi da haske kamar an ɗaura zare.

Ni ban shiga lakwal ba, ban yi karatun boko ba. Abin da na sani, da ido na san shi, kuma idona bai cika mantuwa ba. Zauna in gaya maka inda na samo tabon nan.

Ƙauyenmu yana cikin kwari, a hanyar da ke bi ta wajen Lugu. Jan dutse gabas, gonakin hatsi yamma, kuma a bakin gonar gidanmu akwai wata tsohuwar tsamiya wadda ko akuya ba ta son inuwarta. Nan doguwar gidanmu take, iskar da kakannin kakanni suka bar mana gado tare da gonar. Ba a tambayar ko akwai ta. Kamar ka tambayi ko akwai rijiya ne.

Kafin a haife ni, Inna ta yi ta wabi. Ta haihu, a yi suna, kafin yaye sai a binne jaririn bayan ɗaki. Kaka, uwar Baba, maginiyar tukwane ce. Ita ke gina tukwanen, ita ce kuma ke fasa su ta rufe kabarin jikokinta da katangar tukunya. Da ta gaji da fasa tukwane, sai ta ja baƙar akuya ta nufi tsamiya, ta ce wa doguwa in ta bar mata guda ya zauna, to nata ne. Aka samu cikina. Ban cika kwana bakwai a duniya ba maƙerin ƙauye ya zo ya rufe mini munduwar baƙin ƙarfe a ƙafar hagu, don duk iskar da ta gan ni ta san ina da mai ni.

Munduwar da sharuɗɗanta ta zo. Ba zan wuce tsamiyar nan ba. Ba zan kwana wani gari ba. Ba za a raba ni da ƙarfen ba har ranar da doguwa za ta zo ta hau kayanta. Da yake ƙafar yaro girma take yi, in munduwa ta fara matsewa, bayan girbi sai a yanka baƙar akuya gindin tsamiya, a shafa jinin a sabon ƙarfe mai ɗan faɗi, maƙeri ya buɗe tsoho ya rufe sabo a zama guda, kada ƙafar ta sha iska ba komai. Ina ƙarama ina son ranar nan, saboda ni ake ba hanta.

Kaka ba ta kiran sunana. Kayan aro take ce mini. "Ke, kayan aro, taho ki taka mini laka." In na yi tuntuɓe sai ta riga ni faɗuwa. Ba ta taɓa dukana ba, kuma ba ta bari kowa ya taɓa ni ba, don ba a lalata abin da za a mayar wa mai shi. Sauran yara suna kwasar bulala suna jin haushina. Ni kuwa da na samu bulala in bi su kasuwar Dutsi, da na karɓa hannu biyu. Ranar kasuwa ina tsayawa nesa da tsamiya kaɗan, in ga jakuna sun wuce da tukwanen da ƙafata ta taka lakarsu. Tukwanen sun ga gari, ni ban gani ba.

Wata shekara Baba ya tafi cin rani kudu, ya kwanta ciwo a can, wasu masu bin Yesu suka yi jinyarsa ba su san shi ba. Ya dawo da ramar jiki da wani abu a bakinsa. Ya daina zuba wa tsamiya farar fura. Ranar Lahadi ya kan taka zuwa wani ƙauye inda masu bi kaɗan ke taruwa a rumfar kara. Da yamma, muna cin tuwo, sai ya riƙa gaya mana yadda mutum ya fara: Ubangiji ya ɗebi ƙasa ya gina shi da hannunsa, ya hura masa numfashinsa a hanci, ya yi shi cikin kamanninsa. Ya ce kowane ɗa da ke kwance cikin uwarsa, hannun nan ne ke harhaɗa shi, ƙashi da jijiya, tun uwar ba ta san da shi ba. Inna tana ji, kanta a sunkuye. Kaka tana ji, tana tauna goro kamar da shi take faɗa.

Na tuna wata rana da bazara, zafi ya kai har ƙadangaru sun buɗe baki. Ina cikin ramin laka ina takawa, laka mai sanyi tana fitowa tsakanin yatsuna, tana warin ƙasar da aka yi wa yayyafi. Kaka tana zaune tana ɗaga wuyan tulu. Baba ya zo ya tsuguna gabanta, ya daɗe yana kallon hannunta.

"Iya," ya ce, "in kina ginin tulu, hannu guda na waje, guda na ciki. Na ciki ba mai ganinai, amma shi ka ba tulu sura. Hakanan Ubangiji ya yi ma ɗiyar ga. Ba doguwa ta gina ta ba, balle ta ce tata ce."

Kaka ba ta ɗaga kai ba. "To waɗanda na rufe bayan ɗaki fa? Hannun nan barci ya yi?"

Baba ya ce su ma nasa ne, ya san su ɗaya ɗaya, babu wanda ya ɓace masa. Kaka ta ce ita ba jikokin da aka sani take so ba, masu cin tuwo take so. Ta tsoma hannu a ruwa ta ci gaba da aikinta. Ni ina tsaye cikin laka har ƙwauri, ana maganata kamar ana maganar iyakar gona.

Girbi ya wuce, aka ɗaure dammuna, aka cika rumbu. Munduwa ta fara kama ni. Kaka ta ce wa Baba ya fidda akuya. Ya ce ba zai ƙara zuba jini gindin itace ba, ko da na tsako ne, kuma ba za a yanka dabbar gidansa a kan ɗiyarsa ba. Ya ce a cire ƙarfen kawai. Kaka ta miƙe ta dafa ƙullin zanenta a ƙirji, ta ce ranar da ya bar ƙafar nan tsirara, za ta fidda nonon da ya sha ta ɗaga masa shi gaban gari. Ko kai ɗan Arewa ne ko ba ɗan Arewa ba, ka san abin da wannan ke nufi. Namiji na iya tsayawa gaban kura, ba ya tsayawa gaban nonon uwarsa. Maƙeri kuwa ya ce shi ruwansa kaɗan ne: ba ya buɗe ƙarfen doguwa sai da jini, ba ya rufe sabo sai da yardar uban ɗiya.

Haka aka tsaya. Ba a cire ba, ba a sake ba. Ƙafa kuwa ba ta jira kowa ba.

Da farko munduwar ta daina juyawa. Na saba ina murza ta in ina zaune, sai na ji ta kafe. Daga nan ta yi wa kanta kwari a cikin nama. Da damina ta sauka, ruwa da taɓo suka shiga ƙarƙashi, fata ta saɓule, wurin ya fara ruwa. Inna ta riƙa tura audugar da ta jiƙa da man kaɗe da tsinke, tana yi tana hura mini, har ya kai ba inda audugar za ta shiga. Tafin ƙafar ya kumbura ya yi sheƙi kamar tulun da aka goge. Aka daina kai ni gona. Na wuni a rumfa, ƙafa a miƙe, ina korar ƙuda da reshen sabara. Hatsi ya yi tsawo ya rufe ƙauyen ta kowane gefe, ko jan dutsen nan ba na gani. Warin ƙafata ya riga ni shiga ɗaki.

Kada ka ɗauka ba a so na. Da ƙiyayya ce da ta fi sauƙi. Baba kullum da safe zai ɗora hannu a kaina ya yi addu'a, idonsa a rufe. Kaka za ta zo bayansa da kasko ta turara ni da saiwoyi, ta ce ga abin da taurin kai ke jawowa, doguwa ce ke jan igiyarta. Shi yana kallon sama, ita tana kallon tsamiya. Kowannensu yana jiran ciwon ya yi tsanani har ɗayan ya karaya. Ba wanda ya tambaye ni. A rumfar nan na koyi kallon mutane, abin da har yau jikokina ke tsoro a wurina. Na gane wanda ya ce sannu yana toshe hanci, na gane wanda ke ƙirga kwanana da ido. In gida ya watse, sai in ɗora hannu a ƙirjina in ji abin nan yana bugawa, in ce to wa ke zuga wannan? In doguwa ce, me ya sa take cin kayanta? In Ubangijin Baba ne, me ya sa ya bar ƙarfen wata a jikin abinsa?

Akwai wata Bafillata da ke kawo mana nono tana karɓar hatsi, Musulma ce, ba ruwanta da tsamiyarmu ko rumfar Baba. Ta sauke ƙwaryarta wata safiya, ta ga ƙafar, ta tofar da yawu gefe. Ta ce wa Inna su a ruga, in igiya ta nutse a ƙafar maraƙi, yanke ta ake fara yi, daga baya a tambayi saniyar wa ta haife shi. Ta ƙara da cewa in aka kai girbi a haka, ba ƙarfe za a yanke ba.

Inna mace ce da ban taɓa jin muryarta ta wuce darni ba. Matar da ta binne ɗiya da yawa ba ta da bakin magana a gidan miji, haka take gani. Washegari ta dama wa Baba fura ta ajiye gabansa. Kafin ya ɗauki ludayi ta zo ta ciccibe ni, ta zaunar da ni a tabarmarsa, ta kwance tsumman, ta ɗora ƙafar a kan gwiwarsa.

"Maigida," ta ce, "kai ka ce Ubangiji ya gina ta da hannunai. To dibi yadda kake ajiyar kayanai."

Rannan ya duba. Na ga fuskarsa lokacin da ya duba, kuma ba zan kwatanta maka ita ba, don ubana ne. Furar nan kaji suka sha ta.

Ya saɓa ni a kafaɗa da hantsi, ya ratsa tsakiyar ƙauye, mata na daka suka tsaya da taɓare a sama. A maƙera ya sauke ni. Maƙeri ya ji buƙatarsa, ya girgiza kai, ya ce ya riga ya faɗa, hannunsa ba zai taɓa ƙarfen nan ba. Ya sosa gemu. Sannan ya ce magagarinsa dai ga shi can a ƙasa ya manta bai ɗauke ba, shi kuma yana da garmar mutane a wuta, in yana zuga ba ya jin komai, ba ya ganin komai, ko doguwa ta tambaye shi abin da zai ce ke nan. Ya juya mana baya, ya kama zugazugi. Fuf, fuf, fuf. Garmar nan ta yi ja, ta yi fari, bai daina ba.

Baba manomi ne, hannunsa hauya ya sani. Ya kama goga ƙarfen, magagari na zamewa, kowace zamewa a naman ƙafata take sauka. Na ciji zanena. Mutane sun taru a bakin rumfar, sai na ga sun dare. Kaka ce, laka har gwiwar hannu, ta bar tulu rabi. Ta tsaya a kanmu. Hannunta na dama yana kan ƙullin zanenta. Baba bai ɗaga kai ba, amma na ga gumi na ɗiga daga haɓarsa. Kowa ya san abin da ake jira. Ni hannun nan kawai nake kallo.

Magagari ya sake zamewa, jini ya fito, na yi ƙara. Hannun Kaka ya bar ƙullin.

"Haka aka riƙon ɗanyen abu?" ta ce. "Matsa."

Ta zauna a ƙasa ta ɗauki ƙafar ta sa a cinyarta. Ta zaro 'yar sakainar da take shafe cikin tukunya da ita, ta lalubi bayan agara inda ɗan sarari ya rage, ta tura ta a hankali tsakanin ƙarfe da nama, ta danne da babban yatsa. Ta ce masa ya goga nan. Ya goga. Uwa da ɗa, kawunansu na kusan haɗuwa, maƙeri na ta zuga wutar da ba ta buƙatar zugi. Da magagari ya kuma zamewa, yatsan Kaka ya samu. Ya tsaga shi sosai. Ba ta janye ba. Jininta ya bi ƙarfen ya zagaye.

Da ya yanke, Baba ya sa awartaki ya buɗe shi. Iska ta taɓa wurin, wani sanyi mai zafi ya hau mini har ƙugu. Kaka ta ɗauki munduwar ta juya ta a tafin hannu, ta dubi jinin. Ta ce doguwa ta samu abin da ya fi na akuya. Baba ya buɗe baki zai yi magana, ya dubi yatsanta, ya rufe. Sai ta zura ƙarfen a wuyan hannunta, ta miƙa wa maƙeri ta ce ya rufe. Wannan kam ya juyo ya yi.

Tun daga ranar ta ɗauki sharuɗɗan a kanta. Macen da ta san kasuwanni tun daga Dutsi har Tibiri ba ta ƙara wuce tsamiya ba. Tukwanenta wasu ke kai mata, su kawo abin da suka ga dama. Ba ta ɗaga wa Baba nono ba, ba ta kuma sa masa albarka da baki ba. Kullum da asuba sai in farka in ji yatsan nan mai tabo a ƙarƙashin hancina, tana duba ko ina numfashi. Ta yi haka har na yi girma. Ba zan yi maka ƙarya in ce ta bi Yesu ba. Da ƙarfen a hannunta aka binne ta, kuma Baba ya yi kukan da ban taɓa ganin namiji ya yi ba.

Ƙafar ta warke kafin wata damina. Abin da ke cikin kai shi ya daɗe. Ba ƙarfe, ba mai hana ni, amma in na doshi tsamiya sai ƙafar hagu ta yi nauyi kamar an ɗaura mata turmi. Sai da na zama budurwa, ranar da za a yi mini baftisma a wani tafki da ke gaba da gonarmu, sannan na wuce ta. Ina tafe ina jiran in faɗi. Ban faɗi ba. Tsamiya ce kawai, da tururuwa a gindinta.

Abin da na riƙe tun daga nan ba shi da yawa. Jikin mutum aikin hannun Ubangiji ne, numfashin da ke ciki nasa ne, tun kafin uwa ta ji motsi. Shi kansa Almasihu bai raina jiki ba, ya yarda ya kwanta cikin mace ya cika watanninsa, ya fito da ƙafa da idon sawu irin nawa. Abin da yake haka ba a jinginar da shi ga iska, wannan Baba ya gane da wuri. Ba a kuma mai da shi fagen da za a ci gardama, ko gardamar gaskiya ce. Wannan sai da aka ɗora masa ƙafa a gwiwa.

Yanzu tsamiyar ta faɗi, an yi wutar girki da ita, ba wanda ya mutu. Jikokin maƙerin suna Dutsi suna haɗa ƙofofi da wutar lantarki. Yaran yau suna ganin ɗa a gilashi tun bai fito ba, har su san mace ne ko namiji. Suna tsammanin sun yi nisa da mu. Ni da nake kallonsu na san tsoron bai tafi ko'ina ba, tufafi ya sake.

Da muka fito daga wurin awon, muka zauna inuwar itacen bedi muna jiran mai kabu-kabu. Jikanyata ta share ido ta matso kusa da ni. Ta ce ta yanke shawara, ranar Lahadi za ta tsaya gaban majami'a ta yi wa Ubangiji alkawari: in ya bar mata wannan, ta ba shi. In namiji ne fasto zai zama, ko yana so ko ba ya so. Ta faɗa tana jiran in yaba mata.

Na ɗage zanena a gaban masu wucewa, na ɗora ƙafar a kan gwiwarta. Ta san tabon tun tana ƙarama, ba ta taɓa tambaya ba, don ba a cika tambayata ba.

"Wanda ke zuga abin da kika ji a ɗakin can," na ce mata, "bai jira alkawarinki ba kafin ya fara. Ba a yi wa mai abu ciniki da abinsa. Ki roƙa, ki gode, ki sha maganin da aka ba ki. Amma kada ki ɗaura wa yaron nan komai tun bai fito ba. Nawa ƙarfe ne, an samu magagari. Naki da me za a yanke shi?"

Ta daɗe tana kallon zoben. Sannan ta sa yatsa ta bi shi a hankali har ta zagaye, ta sauke mini zanen da kanta.